Fasto Sai-an-duba, Wanda Ya Ƙi Sa Hannu

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin a shekarar 1941, a wani ƙaramin gari mai tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa kafinta ne, mai yi wa majami'a bencina, mahaifiyarsa kuwa ungozoma. Ya shiga firamare a 1949, ya wuce makarantar horon malamai, daga bisani ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki, inda ya kammala a 1966 da kaifin baki da ƙarancin haƙuri, kamar yadda shi kansa yakan faɗa yana dariya.

Farkon Hidima

A 1967 aka tura shi wata majami'a da ke kan titin kasuwa, wadda tagoginta ke kallon shagon wani Musulmi mai gyaran agogo. Wata Lahadi, ƙuruciya na ɗibarsa, ya maimaita a wa'azi abin da ya tsinta a wani littafi, cewa wai Musulunci ya rufe ƙofar hankali, biyayya kawai ya sani. Tagogi kuwa a buɗe suke. Washegari Mai-agogo ya tsallako titi da wani tsohon littafin manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja, wanda ya shekara biyu yana ɗauka a gaban malaminsa, ya ajiye a kan teburin Fasto, ya tambaye shi cikin ladabi a bakin wane Musulmi ya ji wannan magana. Fasto bai taɓa jin ta a bakin wani Musulmi ba, kunya ta hana shi cin abinci a ranar.

Tun daga lokacin ya kafa wa kansa ƙa'ida: duk abin da zai faɗa a kan Musulunci sai ya rubuta, ya kai wa Musulmi mai sani ya karanta, ba don ya yarda da shi ba, sai don ya shaida ba a yi wa addininsa ƙage ba. Shi da Mai-agogo sun shafe shekaru suna musu a bencin shagon nan, ba wanda ya ja wani zuwa addininsa, ba kuma wanda ya tashi da fushi. Daga nan laƙabinsa na Sai-an-duba ya samo asali.

Aure da Iyali

A 1969 ya auri wata malamar lissafi, mace mai barkwanci, wadda har ta tsufa tana tsokanarsa cewa ko wasiƙar neman aurenta sai da Mai-agogo ya duba. Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar.

Taƙaddamar Majalisa

A 1984 aka naɗa shi shugaban makarantar Littafi Mai Tsarki da ta yaye shi. A 1991 majalisar ikilisiya ta shirya littafin horar da fastoci, sai ga waccan magana ta sake fitowa a babi na shida. Majalisa ta rabu: wasu suka ce a faɗe ta ƙarara, ai gaskiya ba ta buƙatar lallashi, wasu suka ce a tsallake batun Musulunci gaba ɗaya don a zauna lafiya. Shi bai bi ko ɗaya ba. Ya ce shiru ragwanci ne, amma a ba shi mako ɗaya ya kai babin a duba. Shugaban majalisa, wanda abokin karatunsa ne, ya amsa cewa ikilisiya ba ta neman izinin kowa, kuma ko dai ya sa hannu ko ya bar kujerar shugabancin makarantar.

"Ba izini nake nema ba," in ji Fasto. "An hana mu shaidar zur a kan maƙwabci, ba a kuwa ce sai maƙwabci Kirista ba."

A watan Maris na 1992 aka sauke shi, aka mayar da shi mai kula da ɗakin littattafai, iyalinsa suka kwashe kaya daga gidan shugaba zuwa ɗaki biyu a bayan makaranta. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ba a ɓoye wannan. Littafin kuwa aka buga shi da sa hannun wani.

Shekarun Ƙarshe

Ya yi shekara goma sha huɗu a tsakanin kantocin littattafai, ɗalibai na sulalowa wurinsa da takardun wa'azinsu, shi kuma yana tura su wajen limamai da malaman unguwa su yi tambaya da bakinsu. Da yawa daga cikin fastocin da a yau suke iya zama da maƙwabtansu su yi muhawara ba zagi, a ɗakin nan suka koya, kuma har gobe suna gode masa. Shi ma yakan ce ya gode wa Allah da ya ba shi maƙwabcin da ya ƙure shi tun yana da sauran shekarun gyarawa. A 2003 aka sake buga littafin babu waccan magana, ba sanarwa, ba ambaton sunansa. Ya yi ritaya a 2006.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Yuni, 2017, bayan gajeriyar jinya, aka binne shi a maƙabartar majami'a. A bakin kabari tsohon shugaban majalisa, yana dogara sanda, ya ce: "Mun ce matsoraci ne. Mu ne muka ji tsoron a karanta abin da muka rubuta."

Ya bar matarsa, da 'ya'ya biyar: babbarsu ma'aikaciyar jinya, mai bi mata kafinta, tagwaye malaman makaranta, da autansu fasto, da jikoki goma sha ɗaya. Kujerarsa kuwa ba a taɓa mayar masa ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.