Mutong Biyu Ne

Dou Wanlin ya tsufa a bayan kantar kantin maganin garinmu, nan gindin duwatsun Changbai, ni kuma tun ina amarya nake sayar da awara a ƙofar kantin. Na san shi ciki da waje. Dogo ne siriri, ga taurin kai, ga son a yaba masa. Idan ka miƙa masa takardar likita ba ya ko juyawa, hannunsa kawai yake kaiwa baya ya jawo durowar da yake so cikin ɗaruruwan durowoyin bango, ya ɗebo saiwa ko ɓawo ya zuba a sikeli. Kullum sai ya ce mini, "Mai awara, sikelinki ƙarya yake yi." Ni kuma in ce, "Yaya Dou, nawa ko ya yi ƙarya ba ya kashe kowa." Wasa ne muke yi a lokacin.

Tun yana saurayi yake hawa dutse da ubansa saran mutong, itacen nan mai yaɗo da ke nannaɗe bishiyoyi a kwazazzabai. A sare shi, a kankare ɓawon, a shanya, a yanka shi fale-fale. Duk wanda wuta ta taso masa a jiki, baki ya fashe, ido ya yi ja, fitsari na zafi, mutong ake tafasa masa. Dou ba ya yarda da na 'yan kasuwa. Nasa shi yake sarowa da hannunsa, kuma mafi kyau a ciki yakan ware shi ya kai gida.

Saboda matarsa, Fenglan. Ita ce mai wutar jiki. Da bazara ta shigo bakinta zai fashe, shi kuma ya ɗora tukunyar ƙasa. Ban taɓa ganin namiji a garin nan da yake dafa wa matarsa magani da kansa ba sai shi. Ya tsuguna yana fifita wuta, ya tace, ya hura ya huce, ya kai mata har gadon ƙasa. Mu matan unguwa muna jin haushi ƙwarai, don namu mazan ko ruwan zafi ba su iya ɗorawa ba. Da safe sai ya fito da tuƙar maganin, wato ragowar itatuwan da aka tace, ya watsa a tsakiyar hanya don masu wucewa su tattake ciwon su tafi da shi, kamar yadda kowa yake yi.

Ciwon bai tafi ba. Fenglan ta fara fari fat, in ta hau matakala biyu sai haki, abinci ba ya zama a cikinta. Da aka kai ta asibitin birni suka ce ƙodojinta sun tsotse, sun ƙanƙance, sai dai wankin ƙoda. Ba ta da ciwon suga, ba ta da hawan jini a da. Likitoci suka yanki ɗan tsoka daga ƙodar suka ajiye. Dou ya dawo yana cewa asibiti ba su san komai ba, wuta ce ta gangara ƙasa, ya ƙara yawan mutong a tukunya.

A wannan kakar ce wata mata ta bayyana a garin, 'yar siririya mai tabarau, tana bin hanya da sassafe tana tsintar tuƙar magani da ɗan cokali tana zubawa a leda. Kowa ya kauce mata. Wa zai kwashi ciwon mutane da hannunsa ya kai gida? Na kira ta na ce, "Ke 'yar nan, in yunwa ce ga awara." Ta yi dariya ta ce sunanta Rong, likita ce mai bincike a ɗakin gwaji a babban birnin lardi. Ta ce masu ciwon ƙoda daga yankinmu sun yi yawa, kuma in ka tambaye su me suke sha sai su ce ba komai, don ba sa lissafa tafasasshen itace a cikin magani. Shi ya sa ta daina tambaya ta koma tsintar hanya. Mafi yawan abin da ta samu, a ƙofar gidan Dou ta same shi.

Da dusar ƙanƙara ta rufe gari ta dawo. Ta shiga kantin, ni kuma na bi ta da tiren awara don kunnena ba ya zama wuri ɗaya. Ta ajiye yanka biyu na itace a kan kantar kantin.

"Kawu Dou, wannan mene ne?"

"Mutong."

"Wannan fa?"

Ya juya shi, ya sansana. "Wani tarkacen kudu ne."

"Shi ne mutong ɗin da tsofaffin littattafai suke nufi, Kawu. Namu na dutse wani itace ne daban. Da yaƙi ya yanke hanyoyi, na kudu ya daina zuwa, sai kakanninmu suka ga wannan ya yi kama da shi, suka sa masa sunan. Na kudu ba ya cutarwa. Namu akwai guba a cikinsa da take cin ƙoda a hankali. Mun ba ɓeraye, mun gani. Kuma tana barin tabo a ƙoda wanda wani ciwo ba ya barin irinsa." Ta ɗago ta dube shi. "Na duba tsokar da aka yanka daga ƙodar Gwaggo Fenglan. Tabon yana nan."

Dou ya mayar da sikelinsa cikin kube a hankali. "Ubana ya sha, ya kai tamanin da 'yan kai. Matata ba ɓera ba ce. Kina nufin ni na kashe mata ƙoda?"

"Ban ce kai ba, Kawu. Sunan ne."

"Suna ba ya ɗora tukunya. Fita."

Ni na kai wa Fenglan labarin a ranar, don na ga gara ta ji daga bakina ta daina sha. Tana kwance a gadon ƙasa, hannunta duk tabon allurar wanki. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Ƙanwata, abin da ya lalace ya riga ya lalace. In na ture kwanon nan, na ce masa shi ne." Ina zaune ya shigo da kwanon yana hurawa. Ya ce, "Tsohuwa, in ba kya so yau a bar shi." Ta ce, "Tsoho, tun yaushe ka fara rowa?" Ta karɓa ta shanye tas. Raina ya ɓaci, na tashi na fita. Har yau in na tuna sai in ji haushinsu su biyun.

Fenglan ba ta ga narkewar ƙanƙara ba. Bayan an binne ta ba da daɗewa ba gwamnati ta hana sayar da mutong ɗin dutse a ƙasar baki ɗaya, aka zo aka kwashe durowar. Dou ya ajiye aiki, ya ɗauki adda ya hau dutse saran mutong da tsofaffin gwiwoyinsa. Kullum da hantsi yakan fito ƙofar gida da kwanon mutong, inda kowa zai gan shi, ya shanye yana kallon hanya.

Na ce, "Yaya Dou, hauka kake yi?"

"Zan sha ninkin abin da ta sha. In na kai shekarun ubana, ki je ki gaya wa mai tabarau."

Ɗansu ya zo daga birni ya fasa tukunyar, Dou ya sayi wata. Likita Rong ta zo da kanta ta roƙe shi, ya bar ta tsaye a waje. Na gane ba da ita yake gardama ba. Mutum ne da yake son ya san ko hannunsa ne ya kashe matarsa, kuma bai yarda da wani sikeli ba sai jikinsa. Shekarar farko lafiya lau, har yana tsokanata wai in zo in ɗana. A ta biyu ya daina tsokana. Fatarsa ta koma kalar tsohuwar takarda, yana sosa jiki har ya yi jini, ya ce bakinsa ɗanɗanon ƙarfe yake yi. Wata rana ya faɗi a gaban teburina.

A asibiti, ɗakin da aka kwantar da matarsa nan aka kwantar da shi. Ya ƙi wankin ƙoda, amma ya sa aka kira Likita Rong. Ya ce, "Ki yanki tsokar ƙodata ki ajiye kusa da tata, ki duba." Ta ce ba sai an yi ba. Ya ce, "'Yata, ban taɓa roƙonki komai ba." Aka yanka.

Ranar da ta dawo da amsa ina wurin, na kai masa kunun gero. Ta tsaya a ƙafar gadon ta cire tabarau tana gogewa. Ya ce, "Faɗi kawai." Ta ce, "Iri ɗaya ne, Kawu." Ya gyaɗa kai, ya yi mata godiya kamar wadda ta kawo masa saƙo daga nesa, ta fita tana kuka.

Ya juya ga bango ya ce, "Mai awara, Fenglan ta sani?"

Na ce, "Ina za ta sani? Wa zai gaya mata?"

Ya juyo ya dube ni. "Ranar da na kori yarinyar nan na zuba ninki biyu a tukunya, don haushi. Ɗacinsa ko ni ba zan iya haɗiyewa ba. Fenglan da ko ganyen shayi ya yi ɗaci sai ta yi mita." Ya ture kwanon kunun gefe. "Ba ta ko yamutsa fuska ba."