Anti Kwaɗo ta Ɗakin Kati

Tun bakwai saura za ka ji takunta a barandar asibitin, da sauri kamar wadda ta baro tukunya a wuta. Ba ta fara buɗe ɗakinta. Sai ta bi ofis-ofis tana leƙe: wa ya tafi gida ya bar kwamfuta a buɗe, wa ya manta fayil a kan benci, me aka jefa a kwandon shara. In ta tarar an liƙa lambar sirri a jikin kwamfuta, sai ta ɓamɓare takardar ta cusa a jaka, mai ita ya biyo sawu su yi ta. Shekara ashirin da shida tana riƙe da ɗakin kati. Ma'aikata suka sa mata Anti Kwaɗo, wai komai ta gani sai ta garƙame. Masu tsokana suka ce ai ba na ƙofa ake nufi ba, na ruwa ne, tunda ba ta iya zama wuri ɗaya. Duka biyun tana amsawa.

Da can ba haka take ba. Wata rana ta je sayen ƙusa za a gyara mata ƙofa, mai shago ya ƙunshe mata a takarda. Tana warwarewa a gida sai ga tambarin asibitinsu, ga sunan malamar da ke koyar da 'ya'yanta, ga sakamakon gwajin da matar ba ta faɗa wa ko mahaifiyarta ba. Ko mayafi ba ta gyara ba ta koma.

"Malam, ina ka samo wannan takarda?"

"Masu kwasar shara ke kawo mana, Hajiya. Ga buhu guda can ma ban taɓa ba."

Ta ɗora buhun a ka, ba ta dire shi ko'ina ba sai kan teburin likitan da ya mallaki asibitin. "Likita, ga asirin mutanen da suka amince da mu. Da shi ake ƙunshe ƙusa a kasuwa." A makon aka kawo na'urar yayyaga takarda. Amma ita hankalinta bai sake kwanciya ba.

Da aka koma aiki da kwamfuta, tana da shekara hamsin ta zauna ta koya, tana latsawa da yatsa ɗaya ana yi mata dariya. Ta hana a yi tarayya a lambar sirri guda. Ta hana ɗaukar hoton fayil da waya. "Sista, in wayar nan ta faɗi a cikin mota gobe, ciwon wa direba zai karanta?" An yi gunaguni, an ce ta cika takura, wasu har canza hanya suke in sun hango ta. Abin da ya juya zukatansu shi ne ranar da wata nas ta tura sakamako zuwa lambar da ba ta mai shi ba, ta zo da kanta ta faɗa wa Anti. Kowa ya zaci za a ji ihu. Anti ta ja mata kujera ta ce, "Kin kyauta da kika faɗa da wuri, ƙanwata." Tare suka kira lambar aka goge saƙon, tare suka sanar da mai sakamakon suka ba shi haƙuri. Daga nan aka daina ɓoye kuskure a asibitin.

Ana haka wani mai kamfanin motoci, abokin Likita, ya zo neman sakamakon gwajin direbansa. Ya ji raɗe-raɗi, yana son dalilin sallamarsa. Anti ta miƙe tsaye ta gaishe shi, sannan ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Sai mai shi ya zo da kansa."

"Kin san ko ni wane ne?"

"Na sani sarai. Kai ma naka yana nan, kuma ba wanda zai gani."

Ya wuce ɗakin gwaji, aka ba shi amsa iri ɗaya. Ya tari nas ɗin nan, ita ma haka. "Wai ku baki ɗaya gare ku ne?" Ya rantse zai janye ma'aikatansa duka daga zuwa jinya a asibitin. Likita ya kira Anti rai a ɓace, yana cewa ko a baki ne ta ɗan sanar da mutumin. Tana tuna 'ya'yanta uku a makaranta, duk da haka ta ajiye masa makullan ta ce in za a buɗe, a buɗe ba da hannunta ba. Sai ya turo mata su.

Alhajin ya cika alkawari, ya janye mutanensa. Direban kuwa, tunda babu takardar da za a kafa hujja da ita, yana nan bakin aikinsa. Bayan wata bakwai sai ga Alhaji shi kaɗai, ya rame, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce a duba shi a nan, don nan ne kawai ya tabbatar maganarsa ba za ta fita ba.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, amma har yanzu zirga-zirga take, tana maimaita wa wadda za ta gaje ta abin da ta riga ta faɗa sau goma.

Anti, zauna ki huta. Ke ce mai rufa asirin wanda bai ma san kin rufa ba. Ke ce kika sa mai shara da babban likita suka ɗauki sunan marar lafiya amana. Matan da aurensu bai girgiza ba, da mazan da aikinsu bai salwanta ba, ba su san fuskarki ba balle su gode miki. Mu da muka gani mun gode a madadinsu. Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira.

Kai kuma mai aiki a banki, makaranta, kotu ko shago, kafin ka tashi daga teburinka yau, dubi sunan da ke buɗe a gabanka. Mai sunan yana gida hankali kwance, don ya ɗauka kai mutum ne irin Anti.