Hoton Shafi Na Goma Sha Biyu

Shekara talatin da ɗaya Gwani ya yi yana sunkuye a ƙarƙashin dawakin mutane. Gyaran kofato ne aikinsa: ya kankare da wuƙa, ya datse da awartaki, ya daidaita da magagari, in akwai takalmi ya buga. Bayansa ya lanƙwashe, har matarsa kan ce ko a tsaye yake kamar mai neman allurar da ta faɗi. Karatunsa bai taka kara ya karya ba, amma da ya ɗaga ƙafar doki ya sansana zai gaya maka kwana nawa dabbar ta yi cikin damshi. Kuma ba ya faɗa da daɗi. Masu dawaki na shan faɗansa suna dawowa, don babu kamarsa.

Rumfarsa tana bayan layin masu gyaran mota. Turke biyu ne a ciki, da benci, da akwatin ƙarfe na kayan aiki, sai Auta. Ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa riƙon wuƙa. Auta ya ba arba'in baya, yana da 'ya'ya huɗu, amma a rumfar nan har gobe shi ne mai miƙo guduma.

Ana nan sai ga wata likitar dabbobi. Ta ce ƙungiyar masu dawaki ta sa ta rubuta ɗan littafi kan kula da lafiyar doki, kuma babin kofato ba zai yiwu ba sai da Gwani. Mako uku tana zuwa tana zama a bencin nan, tana tambaya tana rubutawa. Ya zazzage mata duk abin da ke kansa, yana yi yana hura hanci.

Ranar ɗaukar hoto kuma ya ce shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. Gaskiyar magana, haƙoransa biyu na gaba ne babu, wani ingarma ya zubar masa da su tun yana saurayi. Sai Auta ya sa wankakkiyar riga ya tsaya. Mai hoto ya yi ta cewa jikinsa yana tare kofaton, ya matsa baya, ya ƙara matsawa. Shi kuwa Auta, bawan Allah, abin da aka ce ya yi shi yake yi.

Kafin a buga littafin, likitar ta kawo wa Gwani samfurinsa.

"Baba, ka duba mana hotunan nan, in da gyara ka faɗa tun yanzu."

Ya buɗe shafi na goma sha biyu. Ga Auta a tsugune daidai bayan doki, ya miƙa hannu ya riƙe ƙafar baya, fuskarsa saitin kofato. Mai hankali kusa da cinyar doki yake tsayawa, daga gefe, kafaɗarsa manne da jikin dabbar, yadda ko ta yi harbi ture shi kawai za ta yi. Inda Auta ya tsuguna nan ne harbi ya fi ƙarfi. Gwani ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya kai kan rubutun da ke ƙasan hoton.

"Wannan me aka ce?"

"An ce, ƙwararren mai gyaran kofato yana nuna yadda ake ɗaga ƙafa."

Gwani ya sake duban hoton. Ƙwararre. Mutumin da har yau sai an nuna masa inda zai tsaya da datsa.

"Ya yi," in ji shi. Ya miƙa mata kayanta.

Littafi ya fito, kowane mai doki ya samu. Daga nan rumfa ta canja. Mutum zai zo da dokinsa, ya wuce Gwani kamar turke, ya ce, "Ina wanda ke cikin littafi?" Auta ya yi ta nuna yayansa yana cewa ga mai aikin nan, amma wa yake sauraro. Kishi ya kama Gwani, irin wanda bai taɓa sani ba. Ya ji haushin wankakkiyar rigar, ya ji haushin cikakkun haƙoran. Matarsa ta ce, "Kai da aka roƙa ka ƙi, yanzu kuma abincina kake hucewa a kai." Jira yake wani wanda ya san doki ya ga hoton ya tuntsire da dariya, kowa ya gane waye ƙwararren. Wata biyar, ko mutum ɗaya bai lura ba.

Akwai wani malamin makaranta da ya yi ritaya ya sayi goɗiya, abin da ya daɗe yana buri. Mutum ne mai yarda da takarda. Awon abinci, wanka, duba ido da dasashi, duk da littafin a hannunsa yake yi. Wata safiya ya jingine littafin a jikin bokiti, ya tsuguna bayan goɗiyarsa yadda ya gani a hoto. Ta karya masa haƙarƙari uku da ƙashin kafaɗa.

Gwani da Auta suka je asibiti dubiya. Malam yana kwance an naɗe shi, numfashi da ƙyar.

"Laifina ne," ya ce. "Tsufa. Da alama ban kalli hoton da kyau ba. Littafin nan ba shi da aibu, Allah ya saka muku."

Gwani ya kasa cewa amin. Da suka fito, ya zauna a matakalar asibitin.

"Ya kalla da kyau," ya ce. "Hoton ne ba daidai ba. Ba a tsugunawa a nan."

Auta ya ce, "Ni ma raina bai kwanta ba ranar. Amma ai likita ta ce ka duba."

"Na duba."

"Ka gani, Yaya?"

"Na gani."

Auta ya zauna, amma ya bar tazarar mutum guda tsakaninsu. Bai ɗaga murya ba.

"Da ta ce mini ka ce ya yi, ban iya cin abinci ba don murna. Shekara ashirin da biyar ina miƙo maka guduma, ba ka taɓa ce wa aikina ya yi ba sai ranar. Har yarana na gaya wa."