Ƙwaryar da Inna ta Kifar a Bayan Rumbu

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da wata ranar kaka a ƙauyenmu na Kara, ina 'yar shekara goma sha uku.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna kunyata take ji, ba ta doguwar magana da ni. Ranar da na fara ganin jinin al'ada, tsumma ta miƙo mini fuskarta na kallon bango, ta ce daga yau duk namijin da ya taɓa ni ciki zan ɗauka. Iyakar karatun da na samu ke nan.

Bayan mako biyu muna dawowa daga tsinkar gyaɗa, kwando a kaina, santsi ya kwashe ni a bakin rafi. Ɗan maƙwabcinmu, wanda na daɗe ina saƙa aurenmu a zuci shi bai ma sani ba, ya cafke wuyan hannuna. Yini na yi ina murmushi ni kaɗai, sai da yamma maganar Inna ta faɗo mini.

Wata ya zagayo, jini bai zo ba. Ban san haka yake wa mai farawa ba. Na daina cin tuwo, kullum ina lalube cikina, ina hango Baba ya kasa ɗaga kai a masallaci. Wata ƙawata ta raɗa mini wani haɗi da ta ji ana cewa yana zubar da ciki. Da hantsi na dama shi a ƙwarya, na laɓe bayan rumbu.

Na kai bakina ke nan Inna ta doke ƙwaryar. Ta shinshina abin da ya zube, ta damƙi kafaɗata.

"Wane ne?"

Na faɗa mata. Ta tambaye ni a ina, yaushe, me ya yi mini, muryarta ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji. Na nuna mata wuyan hannuna.

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan, Inna. Ai ke kika ce."

Ta zame ta zauna daɓas a ƙasa, hawaye na zuba. Ta ce ita ma abin da uwarta ta gaya mata ke nan, ba ƙari. Sannan ta jawo ni gabanta, tana in'ina, tana share zufa, ta yi mini bayanin jini da wanka da yadda ake samun ciki, ba ta tsallake komai ba.

Da ta makara kaɗan, da wataƙila gawata za a ɗauka daga bayan rumbun nan. Shi ya sa 'ya'yana, mata da maza, daga bakina suka fara jin labarin jikinsu. Kunyar na ji ta ƙwarai, amma na gane cewa rabin bayani ya fi shiru haɗari.