Rayuwar Svatava Brožová, Mai Jari a Masana'antar Zaren Gilashi

Haihuwa da Karatu

An haifi Svatava a garin Turnov na ƙasar Cek a shekarar 1958. Mahaifinta Vendelín Kubát mai sana'ar goge gilashi ne, mahaifiyarta kuwa sunanta Jarmila. Ta karanci shari'a a Prague, inda ta ƙware a dokokin mallakar fasaha.

Aure da Zuba Jari

A shekarar 1983 ta auri Oldřich Brož, malamin makaranta. A 2003 ƙaninsa Hynek, wanda injiniya ne, ya ƙera wani ƙaramin mahaɗi da ke sadar da zaren gilashi masu ɗaukar saƙo ta hanyar haske ba tare da hasken ya ragu ba, ya kuma yi masa rajista. Da yake doka ta haramta wa kowa kwaikwayonsa tsawon shekara ashirin, Svatava ta sayar da gidan gadonta ta zuba kuɗin a kamfaninsa, bisa alkawarin zai mayar da rajistar da sunan kamfanin. Bai mayar ba.

Shekarun Fargaba

Daga 2008 wani babban kamfanin ƙetare ya riƙa zawarcin Hynek. Da ya sayar musu da rajistar, da masana'antar ta rufe, ma'aikata sun watse, gadonta ya salwanta. Hawan jini ya kama ta a wannan tsakani. Duk Lahadi a wajen cin abinci takan tayar da zancen mayar da rajistar.

"Hynek, yaushe za ka sa hannu? Ko sai na mutu?"

"Haba matar Yaya, miyarki za ta huce. Ke ko a coci lauya ce!"

"Na ga motar baƙin nan a ƙofarka."

"Giya suka saya mini, na sha, na sallame su."

Ƙarshen Rayuwa

Hynek bai taɓa sayarwa ba, bai kuma taɓa sa hannu ba. A 2023 wa'adin rajistar ya cika, kafin shekara ta zagayo kwaikwayon mahaɗin mai araha ya cika kasuwa, aka sallami rabin ma'aikata. Svatava ta rasu a watan Nuwamban 2024 sakamakon bugun zuciya, aka binne ta a maƙabartar Turnov, Hynek na cikin masu ɗaukar akwatin.

Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Blanka, likitar haƙori, Radim, direban jirgin ƙasa, da Matouš, injiniya a kamfanin da ya fara fitar da kwaikwayon.