Sa Hannuna Ne Ya Raba Baba Da Aikinsa

Ina da shekara talatin da biyu aka ba ni shugabancin ma'aikatan wani proje mai taimaka wa manoman rani a nan Matameye, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Mu takwas ne, amma ban taɓa ganinmu duka a ɗaki ɗaya ba. Uku muna biro, wato ofis, biyu suna aiki daga gidajensu a Damagaram, sauran suna ƙauyukan Kance, Icirnawa da Yauri. Waya ce ta haɗa mu. Sai manyanmu na Yamai suka kawo wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, wadda take tattara saƙonni da hotunan da kowa ya aiko, ta rubuta rahoton wata da Faransanci mai santsi, ta kuma jera ma'aikata daga mai ƙwazo zuwa na ƙarshe. Nawa in karanta, in gyara, in sa hannu. Watan farko na karanta. Daga na biyu sa hannu kawai nake yi ina kurɓar shayi.

Cikin mutanena akwai wani dattijo sa'an mahaifina, Baba muke ce masa. Shi ke riƙe da ƙauyukan bayan Yauri, inda sai ka hau tudu kafin waya ta kama rezo, wato sabis. Aikinsa ba mai shiga hoto ba ne. Yana iya wuni zaune da ƴan'uwa biyu masu rigima kan rijiyar lambu, ba zai tashi ba sai sun raba kwanakin ban ruwa. Ranar kasuwa yakan shigo biro da ƙura har gira, ya ba ni labari da baki. Ni kuwa idona na kan ordinata, wato kwamfuta, ina gyaɗa kai, in ce ya aiko ta waya. Sai ya yi dariya ya ce in yi masa haƙuri, yatsunsa da ƙasa suka saba. Manhajar kuma abin da ya shigo waya kaɗai take gani, don haka kowane wata Baba ne na ƙarshe.

Wata bakwai ana haka. Ran nan a taronmu na bidiyo, daraktarmu ta yaba mini a gaban kowa, ta ce sauran shugabanni su yi koyi da rahotannina. Bayan an watse ta tsayar da ni, ta ce ba za a sabunta kwantaragin Baba ba, sai dai in ina da abin cewa, ta ba ni mako guda. Na buɗe rahotannin na karanta su har ƙarshe a karon farko. A ƙasan kowanne an rubuta cewa shugaban tawaga ya tabbatar da abin da ke ciki bayan ya ziyarci wurin aiki, ga sa hannuna raɗau. Ni da ban taɓa taka ƙauyukan nan ba.

Makon nan ban san ɗanɗanon abinci ba. In na ce Baba ya fi kowa aiki, na tona wa kaina asiri cewa wata bakwai ina sa hannu kan ƙarya, ga matata da tsohon ciki, ga mahaifiyata na alfahari da ni a unguwa. In na yi shiru, na ci amanar tsoho. Sau uku ina rubuta wa darakta wasiƙa ina gogewa. Har manhajar na roƙa ta nemo mini kalmomin da za su ceci Baba ba tare da sun taɓa ni ba, ta zubo zance mai daɗi wanda bai ceci kowa ba. Na hau moto, wato babur, na je ƙauyukan ko zan samu abin da zai sauƙaƙa mini. Manoma suka cika mini buhu da rake da tumatir, wai don ni ne shugaban Baba. Na dawo da nauyin da ya fi wanda na tafi da shi. Da ranar ta zo darakta ta tambaye ni, na ji bakina yana cewa ba ni da abin ƙarawa.

Baba ya kawo waya da makullin moto ya ajiye a kan teburina. Na jira ya yi faɗa, wallahi da na fi samun sauƙi. Sai ya riƙe hannuna ya yi godiya, ya ce ya san na yi iya ƙoƙarina a kansa, in yafe masa in ya ba ni kunya a gaban manya. Na amsa masa da babu komai.

Har yau ina kan kujerar, kuma har yau ban faɗa masa ba. Ba na ɗora wa na'ura laifi, abin da aka ba ta shi ta lissafa. Ni ne nake da ƙafa da kunne na ƙi amfani da su. Duk wanda aka ba shugabancin mutanen da ba ya gani kullum, ya tashi ya je inda suke, ya saurare su, kada ya sa hannu kan abin da bai karanta ba. Kuma in ya yi kuskure ya faɗa tun da wuri, kafin gaskiya ta yi masa tsada. Ni na bari ta yi tsada, wani ya biya.