Muryar da Muka Ba Kwamfuta

A shekarar da aka hana maza hawa babur a Bawku saboda rikicin ƙabilanci, na kwashe buhunan albasata na koma Yendi, na bar iyalina a can. Matata ta yi makaranta, ni ban yi ba. Duk saƙon da ta rubuto a waya sai na kai wa wani ya karanta mini, har maganar da bai kamata kowa ya ji ba. Abin da ya kai ni ajin yaƙi da jahilci ke nan, da furfura a gemuna.

Bayan la'asar muke zama, a wani ɗaki na makarantar firamare. Yawancinmu 'yan kasuwa ne, wasu daga Salaga, wasu irina daga Bawku. Akwai kwamfutoci uku da manhajar wani kamfanin waje, wadda ke nuna harafi ta furta shi da muryar Baturiya. Wata rana ta ƙi buɗewa. Malamarmu ta ce lasisin ya ƙare, gwamnati kuma ta ce ba za ta sake saya ba.

Ba a daɗe ba aka turo wani jami'i da sabuwar manhaja. Ya ce wannan ba ta kamfanin kowa ba ce, yadda aka ƙera ta a fili yake, 'yan ƙasa ne za su riƙa gyara ta, ba sai an jira Turawa ba. Za ta saurari karatunmu da Hausa ta yi mana gyara. Amma sai ta fara koyon bakinmu, don haka kowa zai zauna ya faɗi kalmomi a ɗauki muryarsa.

Wani Alhaji mai goro, mutumin Salaga, ya tambaye shi wa zai ajiye muryoyin.

"Na ƙasa ne, Baba," in ji jami'in. "Duk mai son gina abu da su zai iya ɗauka. Kuma ba a sa sunan kowa."

Shi a ganinsa ya kwantar mana da hankali. Mu 'yan Bawku muka dubi juna. A garinmu ba a bukatar suna. Yadda mutum ke jan kalma ya isa a san unguwarsu da ɓangaren da za a jingina shi, kuma a wancan lokacin wannan sanin kan hana mutum komawa gida lafiya.

Ba mu yi shawara ba. Wanda ya fara zama wani mahauci ne ɗan garinmu. Ya gyara murya, ya shiga zuba Hausa irin ta masu karanta labarai a rediyo, yana bambanta mace da namiji da "ta" da "ya", abin da Hausarmu ta nan ba ta yi, kamar da haka aka haife shi. Alhaji ya ce, "Sarkin fawa, ashe Bakano ne kai ka ɓoye mana?" Aka yi dariya, amma kowa ya bi sahunsa. Mutanen Salaga ba tsoro ne ya sa su ba, su dai ba za su yarda a fi su Hausar kakanni ba. Ni na ari bakin wata kakata, a hankali, ina lanƙwasa harshe inda ban saba ba.

Bayan damina aka dawo da manhajar. Na zauna na karanta layin farko da bakina na kullum, ta nuna ja, alamar kuskure. Na maimaita, ja. Mahaucin ya gwada muryar rediyonsa, ta karɓa nan take. Sai dai mai haɗa baƙi da kyar ba ya iya riƙe baƙin da muryar aro a lokaci ɗaya. Da na tuna da harshen sai harafin ya ɓace mini.

Malama ta gane abin da ya faru, ta gaya wa jami'in. Bai yi fushi ba. Ya ce gyaran mai sauƙi ne, a sake ɗauka, kowa da ainihin bakinsa. Wannan ya ƙara mana zargi. Mahaucin ya ce da ni a hanya, in dai karatu ne kawai, me ya sa ainihin muryar ta dame su haka? Har yau ban ce jami'in ya yi ƙarya ba, amma shi kansa bai san hannun da abin zai faɗa ba bayan an canja masa wurin aiki.

Ranar ɗauka ta biyu mutum huɗu suka zo, ni a cikinsu, kuma ban yarda an ɗauki muryata ba. Daga nan ajin ya yi ta raguwa. Aka ce ba a barin kayan gwamnati inda babu ɗalibai, aka zo da mota aka kwashe kwamfutocin.

Mu goma sha tara muka fara, biyar muka rage a gaban allo da alli. Kwamfutoci uku sun tafi Salaga. An ɗauke Malama zuwa wani aji, aka bar mana ita ranar Asabar kaɗai. Ni kuma karatun da na sa ran kammalawa kafin azumi ya ci mini ƙarin shekara biyu.